Dakan da Muka Aika Finlan

A gidanmu na Roni ba a faɗa wa mutum mutuwa sai an duba ko yana da sararin jin ta. In kana tsakiyar shuka, a bari ka kai ƙarshen kunya. In mace tana da tsohon ciki, a bari ta sauka. Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ke riƙe da wannan doka tun da Baba ya rasu ya bar masa gidan, kuma shi ya zartar da ita a kan autanmu ranar da aka kai Inna makwancinta.

Autan namu yana ƙasar Finlan a lokacin, yana karatun gandun daji. Yaron da ya tashi a unguwar da ake rigima a kan inuwar darbejiya guda, shi aka ɗauka aka kai ƙarshen duniya ya koyo yadda ake kula da kurmi. Saura masa wata biyu da 'yan kai ya zauna jarrabawar ƙarshe. Baffa ya tara mu a tsakar gida, tabarmin zaman makoki ma ba a naɗe ba, ya ce in yaron nan ya ji jirgi zai hau ya taho, karatun shekaru ya bi ruwa, kuma zuwansa ba zai tashe ta ba. Na ce masa, da iyakar ladabin da na samu a ranar, uwa fa ba akuya ba ce da za a ce ta ɓata, a bari sai mai ita ya huta a gaya masa. Ya ce dama boko ba ya ƙara wa mace komai sai tsawon harshe, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ce babbar 'yar gidan, ina koyarwa a sakandare a Kazaure, ina da 'ya'ya huɗu, amma a gaban Baffa har yau ban kai hawa rimin ba. Aka watse a kan maganarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne garin ya riƙe sirrin. Garin da in ka sayi sabon takalmi da hantsi, kafin azahar an san wanda ya raka ka kasuwa. Baffa ya bi samarin unguwa ɗaya bayan ɗaya ya ce duk wanda ya rubuta ta'aziyya a waya, shi da shi ne. Suka ji tsoronsa fiye da yadda suke jin tsoron Allah, ba wanda ya rubuta ko harafi.

Nauyin ƙaryar kuwa a wuyana aka rataya shi, don ni ce ƙofar da autan ke bi ya isa ga Inna. Ita ba ta taɓa mallakar waya ba. Nesa da kunne take riƙe ta kamar za ta cije ta, ta yi masa addu'a, ta tambaye shi ko yana samun tuwo, ta miƙo mini. Sai na je Roni ƙarshen mako suke gaisawa. To yanzu kullum ya kira sai na nemo mata inda ta tafi. Yau ta je barka, gobe mura ta shaƙe mata murya, jibi babu sabis. Matar da ta shekara ba ta wuce ƙofar gida ba, a bakina ta zagaye ƙasar Kazaure kaf, ba ƙauyen da ban kai ta suna ko biki ba.

A can, autan yana zama gida ɗaya da wani ɗan ƙasar, makaɗin ganguna a wata ƙungiyar mawaƙa masu irin kiɗan da suke kira metal. Tun Inna tana da rai ya taɓa turo mana waƙarsu. Da na kunna na ɗauka wayar ce ta lalace. Maigidana ya ce shi injin niƙan bakin kasuwa ya tuna masa, ranar da ya haɗiyi tsakuwa. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ji yadda mawaƙin ke kakari daga ƙasan maƙogwaro, ta ce a gaya masa tana yi masa sannu, Allah ya ba shi lafiya. Shi kuwa autan ya shaƙu da su. Ranar da ba karatu yana taya su ɗaukar kaya, har suna tafiya da shi in za su yi wasa a wani gari.

A lokacin sanyin nan suka shiga aikin sabon faifai. Yadda ya ba ni labari, sun bar birni da wutarsa da ɗuminsa, suka kwashi jita da ganguna da na'urori suka tare a wani gidan katako a tsakiyar daji, bakin tafkin da ya daskare, a watannin da rana ke leƙowa kamar mai biyan bashin gaisuwa ta koma. Wai sai a cikin duhu da sanyi waƙar za ta fito da gaskiyarta. Faifan gaba ɗaya a kan wata tsohuwar yunwa ne da aka yi a ƙasarsu zamanin kakannin kakanni, da sanyi ya kashe hatsi a gona, mutane suka riƙa niƙa ɓawon itace suna yin burodi da shi. Waƙa ta farko ta faɗuwar sanyin ce, ta ƙarshe ta waɗanda suka rage ce suna shuka. A tsakani sai binne yara, da barin gida, da tambayar Ubangiji inda ya tafi, wal'iyazu billahi. Na ce masa lallai mutanen nan sun ƙoshi. Sai ƙoshi ya yi wa mutum yawa yake hayar daji don ya tuna yunwar da bai gani ba. Mu da muke gaisawa da ita duk tsakiyar damina ba mu taɓa yi mata faifai ba.

Matsalarsu ɗaya ce. Suna son faifan ya buɗe da ƙarar mace tana dakan abinci, kuma a ƙasar kakaf ba macen da ta iya. Turmi ma sai a gidan tarihi, a bayan gilashi, da rubutu a ƙasansa kada a taɓa. Sun gwada buga gungumen itace, sun gwada dukan buhu, sun gwada na'ura, duk bai yi musu ba. Sai ɗan'uwana, mai bakin da ba ya zama wuri ɗaya, ya ce ai uwarsa a Roni ba a kama ƙafarta a daka. Nan take ƙarti huɗu masu gashi har gadon baya suka sa shi a gaba da roƙo. Ya kira ni yana dariya, muryarsa fes, ya ce in je in ɗauko masa dakan Inna a waya in turo, kuma da sauri, don kwanakinsu a gidan dajin ƙidayayyu ne.

Na so in ce ta yi targaɗe a hannu. Amma na riga na ba ta mura sau biyu da ciwon ƙafa sau ɗaya, na san in na ƙara zai ce a kai ta asibiti a haɗa shi da likita. Na ce to.

Baffa ya ce wannan ai ba abin tashin hankali ba ne, daka daka ne, wa ke gane hannun wani a turmi? Shi da bai taɓa ɗaga taɓarya ba sai in zai kori akuya. Kiɗa dai a wurinsa haramun ne, ya kuma faɗa mini haka don kada in manta, amma tunda don kwanciyar hankalin yaro ne, ya ce a yi. Sai dai ba a gidanmu ba. Lugude, wato dakan da mata ke yi a turmi ɗaya suna karɓa-karɓa, suna cilla taɓarya sama su tafa su cafe, abin biki ne da suna. In aka ji shi a gidan da ba a yi arba'in ba, har jikokinmu sai an goranta musu. Saboda haka aka tura ni Gwiwa wurin Gwaggo, yayar su Baffa.

Gwaggo ta ɗauki abin da muhimmanci fiye da mawaƙan. Na yi mata bayani murya kawai za a ɗauka, ba hoto, amma da na isa na tarar da ita da maƙwabtanta sun ci kwalliya, an sha kwalli, an fito da atamfofin ƙasan akwati, turmin ma an wanke shi an goge. Ta ce ba za a ji su a ƙasar Turawa da tsumma ba. Suka zuba gero suka fara. Gaskiya sun yi lugude. Taɓare uku suna sauka kamar hannu ɗaya, ga tafi, ga waƙa, wata ta rangaɗa guɗa, jakin maƙwabta ya amsa mata. Ni ina tsugune da waya a hannu ina kallon matan da suka yi kukan Inna da ni suna rawa da kafaɗa a madadinta. Gwaggo da ta gama ta share gumi, ta share ido, ta ce ai marigayiyar ma da haka za ta yi. Na goge wannan maganar daga ƙarshen sautin na tura.

Mawaƙan suka ce bai yi ba. Ya cika fara'a. Mutanen da ba su taɓa riƙe taɓarya ba sun saurari dakan matan Gwiwa sun gano masa aibu. Wai su uwa suke nema wadda take daka ba ta san ko abin da ke turmin zai kai yaranta gobe ba, mu kuma mun turo musu ranar suna.

Ina zaune a barandar ofishin malamai lokacin hutun tara ya kira ya faɗa mini. Ya sassauta murya, kamar mai jin nauyin abin da zai roƙa.

"Yaya, ki lallaɓa mini Inna," in ji shi. "Irin dakan da aka yi lokacin rasuwar Baba nake so. Na gumba. Ba tafi, ba waƙa. Ki ce mata ta yi haƙuri in na tuna mata da abin da ya wuce."

Gumba ita ce geron da ake jiƙawa a daka da sukari a dunƙula a raba sadaka in an yi mutuwa. Kuma a Juma'ar makon nan za a yi sadakar arba'in ɗin Inna.

Ban koma aji ba. Na hau mota zuwa Babura, inda Baffa ke cinikin hatsi da mutanen Nijar, na same shi a rumfa yana gardamar canjin sefa da wani Buzu. Na jira ya gama, na durƙusa na gaishe shi, na ce abin nan ya isa haka, a gaya wa yaron nan. Na faɗa masa abin da ya roƙa, ina zaton ko dutse ne a ƙirjinsa zai motsa. Sai fuskarsa ta washe. Ya ce alhamdulillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama, ga gumba za a daka ranar Juma'a, sai in ajiye wayar kusa da turmi. Ya ce saura ƙiris a kai gaci, ba za a zubar da ruwan da aka ɗebo daga nesa a bakin ƙofa ba. Ya sa aka sayo mini rake in tafi wa yara da shi. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a rumfar nan ba, kuma na karɓi raken, na ce an gode.

Ranar Juma'a da safe gida ya cika da mata. Na kifa ƙwarya kusa da turmi na ɗora wayar a kai, sannan na bi su ɗaya-ɗaya ina roƙo kada wadda ta ambaci marigayiya, kada wadda ta ce Allah ya jiƙanta, har sai na ba da izini. A ranar sadakarta, a tsakar gidanta, 'yarta ta fari ce ta hana a yi mata addu'a da ƙarfi don kada a ɓata wa wasu Turawa faifai. Ba wadda ta yi musu, sai kallo. Mun fara ke nan wata tsohuwa ta shigo da sallama tana jero ta'aziyya tun daga zaure, dole na tsayar na goge. Muka sake, wata ta fashe da kuka, na sake gogewa. A na uku ba wadda ta yarda ta ɗauki taɓarya, kowa ta ce hannunta ya mutu. Na ɗaure zanina na ɗauki taɓaryar Inna, wadda tsakiyarta ta yi santsi, na daka ni kaɗai. Dakan gumba ba shi da ado. Ka ɗaga, ka saki, ka ja numfashi, ka sake ɗagawa. Na cije leɓe don kada murya ta fita, na yi ta yi har geron ya haɗe. Da na kashe wayar sai matan suka saki addu'ar da suka riƙe, gaba ɗaya, kamar an buɗe musu ƙofa.

Wannan kam ya yi musu. Autan ya kira yana haki don murna. Ya ce da aka kunna a gidan dajin, mawaƙin nan mai kakari, ƙato mai gemu har ƙirji, ya fita waje cikin ƙanƙara ya daɗe bai dawo ba. Sun sa dakan a farkon faifan shi kaɗai, ba jita ba ganga, sannan makaɗin ya ɗora bugunsa a kan saukar taɓaryar, duk waƙar farko a kan wannan taku ta tafi. A waƙar, bayan sanyin ya kashe hatsi, wata uwa ce ke haɗa ɓawon itace da ƙaiƙayi tana ce wa yaranta gari ne. Na ce ashe su ma sun iya. Bai gane ba, ya ci gaba da zuba, ya ce in gaya wa Inna ta zama tauraruwa, za a rubuta godiya gare ta a jikin faifan. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tamu har da bango mai hoto aka buga mata. Na ce masa za ta ji, yanzu dai ta shiga wanka.

Ya zauna jarrabawarsa ya ci, da kyau ma kuwa. Ranar da sakamako ya fito Baffa ya sa babbar riga, don shi ma ba a jin sa a ƙasar Turawa da tsumma, ya zauna a zaure ya sa aka kira masa yaron. Ya fara da barka, ya bi da wa'azi a kan haƙuri, ya kawo ayar da ke cewa kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, sannan ya sauke masa. Ina tsaye a bayan ƙofa. Ban ji abin da aka ce daga can ba, sai Baffa yana ta cewa halo, halo, yana duba wayar, daga baya ya ce sabis ne.

Sai washegari ya kira ni. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni ranar da ta rasu, na faɗa masa. Na ji shi yana lissafi a ransa, yana bin bukukuwan da na kai ta ɗaya bayan ɗaya.

"Dakan nan fa, Yaya? Na wace rana ne?"

"Arba'in ɗinta."

Sai ya ce:

"Na ce musu na san hannunta. Har na nuna musu wurin da take jan numfashi, na ce tun ina goye nake jin sa. Kullum sai na saurara kafin in fita. To wa ya daka?"

Na ce ni ce. Ya ce to, sannu da aiki, ya ajiye.

Abokan nasa da suka ji sun ce za su cire dakan, ko da za su sake waƙar daga tushe. Ya ce su bar shi, ai abin da suka nema ne suka samu. Faifan ya fito da godiya ga wata uwa a Roni wadda ta yi musu daka. An ce mutanen ƙasar sun yaba, musamman farkonsa. Akwai guda a gidana, a ƙasan akwati, ba mu da abin kunna shi kuma ban nema ba.

Ya zo gida da damina. Baffa ya yanka rago, ya zauna yana ba duk wanda ya shigo labarin yadda hangen nesansa ya ceci digirin yaro, mutane suna cewa ai babba babba ne. Autan ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata. Ni ma ya gaishe ni yadda ya kamata, da tambayar gajiya da yara da aiki, irin gaisuwar da ake yi wa surukai. Ya sa aka raka shi maƙabarta, ya kwana biyu, ya koma, don sun ba shi aiki a dajin nasu.

Har yanzu yana kira duk mako, bai taɓa fasawa ba. Sai dai in na ce masa kowa lafiya ba ya amsawa. Sai ya ce in ba maigidana. In sun gaisa ya ce a ba babban yarona, sannan mai bi masa, har zuwa ƙaramar da ba ta iya komai ba sai sunanta. In ina Roni, sai na zaga da wayar ɗaki-ɗaki, har Baffa, har Gwaggo in ta zo. Wanda ya fita, sai a nemo shi. Watan jiya ƙaramar tana barci, na ce masa barci take, zazzaɓi ta kwana da shi, da ƙyar ta samu ya ɗauke ta.

"Tashe ta, Yaya," in ji shi.

Na tashe ta.